Kaifi a Hanya

Na baro Daura da asuba, zabira a hammata,
askake uku a ciki, kowace da tsummanta.
Babbar ta babana ce, ƙotarta ta yi baƙi da gumi.
Ƙaramar ta kan jarirai ce, ba ta san gemu ba.
Ta tsakiyar kuwa ta kowa da kowa,
ita ke sa hayaƙi ya tashi a gidana.

Aska ba ta son tafiya.
Girgizar mota na cin bakinta a ɓoye.
In ta gogi 'yar'uwarta sau ɗaya a gargada
ka yi asarar wasin safiya guda.
Shi ya sa nake raba su
kamar 'yan'uwan da suka ɓata a kan gado,
kowace da ɗakinta, ba gaisuwa.

Damina ta fi mota mugunta.
Ba sai ruwa ya taɓa ba, raɓa ma ta isa:
ka kwanta da farin ƙarfe,
ka tashi tsatsa ta ba shi goro cikin dare.
Sai man kaɗe, ɗan kaɗan a kan yatsa,
a shafa, a naɗe, a yi bismilla.

Ran Lahadi a Mai'aduwa na yi kai goma sha ɗaya.
Da magariba na zauna a teburin Iro mai shayi,
na fiddo dutsen wasina don in nemo canji,
dutsen nan da ya lotsa a tsakiya
kamar bayan tsohon jaki.
Ban tuna da shi ba
sai da na sauka a wani ƙauye bayan Zango.

Can Mati ya tare ni a bakin rijiya.
Ya ce tsoho Lawandi wata uku yana kwance,
ya ƙi fura, ya ƙi magana,
abu ɗaya yake roƙo: a aske masa kai.

Na shiga, na ga fata kamar ɓawon albasa,
jijiya na bugawa a gefen goshi.
Na gwada ta tsakiyar a damtsena,
damtsen hagu da ya manta kamannin gashi.
Na koma sama kaɗan, inda saura ya tsira:
gashi ya rusuna, ya miƙe, bai faɗi ba.
Babbar ma haka.
Kasuwa ta cinye musu baki.

Na ce, akwai kofin tangaran a gidan nan?
Aka kawo wani marar mariƙi,
aka zazzage allurai da maɓallai a faifai.
Na kife shi. Ga zoben gindinsa mai kaushi.
Ɗigon ruwa ɗaya,
na kwantar da ƙarfe, ba dannawa,
ja kaɗan, juya, ja kaɗan,
kunne ke aikin, ba ido ba,
har ƙarar ta sauka daga kuka zuwa raɗa.
Sannan maratayin zabira, gadon baya a gaba,
baki na biye kamar ɗan akuya,
sau arba'in.
Sannan tafin hannu, don shi ne alƙali.

Na jiƙa kan da ruwan ɗumi.
Furfura ta riƙa sauka a kan zane
ba tare da ta yi sallama ba.
Kafin in kai ƙeya, numfashinsa ya daidaita,
barci ya ɗauke shi a ƙarƙashin ƙarfe.

Ina wanke hannu ya farka.
Ya ce, yaro, yaushe za ka fara?
Mati ya kama hannunsa ya ɗora masa a ka.
Ya shafa, ya sake shafawa,
ya ce a dama masa fura.

Lahadin da ta zagayo na koma wurin Iro.
Na tarar da dutsena, gadon babana,
an tokare ƙafar tebur da shi.
Ya ce tun ranar shayi bai sake zuba ba.