Haƙa Biyu

Shekara talatin ina haƙa rijiya a Kwatarkwashi,
tsingaro in ya fito, wurgi nake da shi.
Sai ga Tsahara ta dawo karatu daga Sudan
da buroshi, da zare, da ɗan cokalin magina.

Wuni guda, taƙi ɗaya ta sauka.
Na ce, "Ke ɗiya, a haka ƙishi zai kashe gari."
Ta ce, "Baba, ƙasa ba ta maimaita magana."

Da la'asar ta miƙo mini bakin tulu,
da shatin yatsa a jikin yumɓun.
Na ɗora nawa.
Ya zauna daram.

Daren nan barci ya ƙi.
Ina ta lissafin
hannuwa nawa na watsar ban gaisa da su ba.