Gangaran a Zauren Titin Hessle

Ni ke riƙe da makullan zauren nan,
ni ke kashe fitilu idan daren Talata ya tsufa,
shi ya sa na san Mista Ackrill
fiye da jaridun da suka daina nemansa.

Yakan shigo da ruwan Hull a kafaɗar kwat,
da jakar leda mai ƙara kamar tsakuwa a gwangwani:
sarakuna biyu, dawaki huɗu,
dakaru sha shida, ɗaya ya ɓata tun bara,
murfin kwalbar maganin tari ke gadin gurbinsa.

An ce gangaran ne a darar Turawa.
Ɗan mai feɗe kifi a bakin tashar jiragen ruwa,
uban ya zana masa gidaje da tsinin wuƙa
a bayan akwatin ƙanƙara,
yaro na tura doki, yatsu na ƙarni.
Yana ɗan sha tara aka ɗaure masa ido da ƙyalle,
ya zauna wa mutum goma, ya kwashe takwas,
biyu suka tsira da kunnen doki
suna ba jikokinsu labari har gobe.

Daga nan sai jiragen ƙasa,
ɗakunan otal masu warin tsohuwar taba,
agogo mai fuska biyu yana cin ran mutum da ɗan cokali.
Matarsa ta gaji da auren mai magana da katako,
ta bar masa takarda a ƙarƙashin butar shayi.
Bai gan ta ba sai bayan kwana uku.

Ya taɓa faɗa mini, ina goge daɓe:
"Ranar da na ƙare, ba wani babba ya kayar da ni ba.
Yaro ne, ƙafarsa ba ta kai ƙasa,
yana tsotsar alewa.
Hannuna ya riga hankalina, na taɓa sarauniya,
abin da ka taɓa kuwa, dole ka ɗaga."
Ya yi shiru. Na matse tsumma.

Yanzu yara tara ne jama'arsa.
Bai taɓa cewa an yi kuskure ba,
sai ya karkace kai ya ce, "Tambayi dokinka,
nan yake so ya kwana?"
Rebin, ɗan mai aski, yakan ciji wuyan riga.
Oyinda ba ta zama, a tsaye take yaƙinta,
kitso na lilo a kan allo.

Ita ce ta kama shi, wata Talata cikin hunturu.
Babu rangwame, na ga gumi a goshinsa.
Ya daɗe yana kallon gidajen nan sittin da huɗu
kamar mai neman ƙofa a ɗakin da ya gina da kansa,
sannan ya kwantar da sarki da ɗan yatsa,
a hankali, yadda ake kwantar da mara lafiya.
Dara ta ci gida.
Dariyarsa sai da ta tayar masa da tari.

Da suka watse ya ce kar in kashe fitila.
Ya ce, "A garinku ba ku da irin wannan?"
Na ce muna da tamu, a ƙasa ake haƙa ta,
a gindin dalbejiya, a Gumel, bayan la'asar.

Na zana gurabe talatin a bayan kwali,
na ba shi ashana, na ɗauki kwabbai.
Na ci shi sau uku a jere.

Ya gyara tabarau, ya jawo kujera,
saba'in da ɗoriya, ido na ƙyalli kamar na Rebin,
ya ce, "Malam, sake jerawa.
Ban ga inda na mutu ba."

Motar ƙarshe ta wuce mu a daren nan.