Sha Biyu da Ɗigo Ɗaya

Asabar, an idar da asuba,
layinmu na Gwammaja bai gama farkawa ba.
Mai koko tana hura wuta,
ni kuwa na ɗaga murfin injin motar Baba,
na tokare shi da guntun gora,
don ƙarfen tokarar ya ɓata tun ina aji uku.

Wata huɗu ba ta motsa ba.
Kaji sun mai da ƙarƙashinta zaure,
ganyen darbejiya ya cika gindin gilashi.

Ga batirin nan a kusurwarsa,
kawunansa biyu sun yi furfura,
wani farin gari mai ratsin tsanwa.
Na jiƙa kanwa a ruwan zafi,
na tsiyaya a hankali, ya kama tafasa,
na bi shi da tsohon burushin haƙori
har dalma ta fito da fuskarta.

Baba ne ya koya mini.
"Baƙar waya ake fara kwancewa, Tasi'u,
ita ce kuma ƙarshen ɗaurawa.
Kar ka gitta sufana a kan kawuna biyu,
kar ka leƙa da ashana."
A lokacin hannunsa na dama
yana kwance noti kamar mai ɓare gyaɗa.

Na buɗe marufai shida, na leƙa rijiyoyi shida.
Biyar da ruwansu. Ta shida ta ja baya.
Na ɗura mata na kwalba,
wanda na sayo a Ƙofar Ruwa
wurin Ɗan'azumi, da ya rantse har sau uku
cewa ba na famfo ba ne.

Sai mita. Ta aro ce, ta mai gyaran rediyo.
Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi.
Lambobi suka yi rawa, suka tsaya:
sha biyu da ɗigo ɗaya.
Lafiyayye, an ce, da ɗigo shida yake kwana.
Wannan bai tafi ba, bai kuma cika ba,
yana nan dai, a tsakani.

Na san irin wannan tsayuwar.
Kullum safiya ina naɗa wa Baba ɗamara a damtse,
injin awon jini ya yi gurnani, ya matse, ya saki,
mu biyu mu zuba wa lambobi ido,
shi ya yi kamar bai damu ba,
ni in rubuta a bayan kalanda.

Na kunna fitilu, suka lashi bangon Alhaji Mudi, rawaya-rawaya.
Na danna hon, ya yi kukan ɗan akuya mai mura.
Na murɗa makulli.
Fitilu suka lumshe,
ta yi tari biyu, ta yi shiru.

Daga soro muryarsa ta fito,
a karkace, yadda take fita yanzu:
"Kar ka matsa. Ba mutuwa ba ce.
Zama ne ya yi yawa."

Ban san da wa yake ba.

Na kira yaran layi, su biyar, har da wani ba riga.
"Giya ta biyu," in ji shi, "ka saki kuloci in na ce."
Inna ta leƙo da ludayi a hannu tana salati.
Muka gangara wajen kwalbati,
ya ɗaga sandarsa da hannun hagu:
"Yanzu!"

Ta zabura, ta yi atishawa, ta kama.
Hayaƙi ya turnuƙe mai koko,
ta bi mu da Allah ya isa tana dariya.

Na dawo, na sake ɗora mita, inji na kaɗawa:
sha huɗu ba kaɗan. Caji na shiga.
Na waiwaya in gaya masa,
sai na tarar ya bar tabarmar,
taku tara, ba mai riƙe da shi,
yana laluben marikin ƙofa,
yana tambaya ko man zai kai mu Wudil.