Damƙin Shinkafa

Yau kwana arba'in da ɗaya, Ammachi.
Ruwan Kuttanad ya ja da baya,
ya bar zanen laka a bangon madafi
daidai inda kike auna tsawonmu da gawayi.
Na shigo neman ashana,
sai na ci karo da tukunyar.

Tukunyar ƙasa mai tsagi a baki,
wadda kika ɗaure wa wuya da igiyar kwakwa.
Kullum kafin ki wanke shinkafa
sai ki damƙi ɗaya ki zuba mata.
Ko shekarar da ruwan gishiri ya cinye gonarmu,
muna ƙidayar ƙwaya a cikin kunu,
ba ki tsallake rana ba.
Na taɓa tambaya da fushin yunwa,
"Wannan kuma ta wane ce?"
Kika ce, "Ta Baƙon da bai iso ba."

Na daɗe ina leƙen mashigin kwale-kwale,
ina jiran mai farar riga da haske a fuska.
Wanda ya zo Velayudhan ne, makaho mai ɗinkin taru,
sai matar nan ta tsallake da mijinta ya nutse,
wadda ko ƙofar cocinmu ba ta sani ba.
Kika ce, "Ai shi ke nan, Sosamma.
Yesu ba ya zuwa da fuskar da kika zana masa."

Ba zan yi miki ƙarya a bayan ido ba.
Harshenki ya fi barkono,
mai tallan kifi na ganinki yake sauya hanya.
Shekara uku ba ki gaida matar ƙanenki ba
a kan mangwaron da ya leƙa iyaka.
Amma ni na riƙe miki fitila
daren Juma'ar Gicciye,
da kika tuƙa jirgi ke da kanki,
kika tsaya a ƙofarta, baki na rawa,
kika ce, "Ba zan iya azumi da ke a maƙogwarona ba."

Idan hankaki suka koma kan kwakwa
sai ki kunna fitilar tagulla,
ki shimfiɗa tabarma, mu jeru bisa gwiwa.
Kullum akwai gurbi ɗaya a damanki.
Baba yana can yana shan bammi,
mu muna gyangyaɗi, sauro na cin rabonsa.
Shekara goma sha ɗaya gurbin na nan.
Daren da ya shigo ya durƙusa
ko waiwaye ba ki yi ba,
muryarki ce kawai ta karye a kan Amin.

Yanzu mun watse kamar gero a faifai.
Kuriakose yana walda a zafin Kuwait.
Ni ina aikin dare a asibitin Dublin,
ina rufe idon tsofaffin da ba su da kowa,
sai in ji leɓena na motsi da kalmominki.
'Yata ba ta jin harshenki,
amma tana da kwalba a gefen murhu,
ban taɓa cewa ta yi ba.
Chandy kuwa, mai cewa ya bar addini tun jami'a,
shi ya ɗauki gaban akwatinki,
shi ya fi kowa ɗaga murya.

Na buɗe tukunyar.
Shinkafa ta kai rabi,
ga gurbin yatsunki huɗu a samanta,
kin daidaita ta kamar yadda kika saba.
Ban so in taɓa.

Amma almuru ta yi, ana jiran abinci.
Na kai hannu cikin buhu.
Damƙina bai kai naki ba,
sai na ƙara kaɗan.

Can bakin ruwa an ɗaure jirgi,
wani yana sallama.