Gurasar Ammu Gattas

Ƙarfe uku na dare, ƙauyenmu bai motsa ba,
Nilu na wucewa kamar ba ruwansa da kowa.
Ni ɗan shekara sha ɗaya, ido duk kwantsa,
uwata ta turo ni ɗakin tanderu a bayan coci,
wai in taya tsoho hura wuta,
don tun rasuwar babana bakina ya ƙi addu'a.

Ammu Gattas bai yi mini wa'azi ba.
Wanke hannu, ya ce, har gwiwa.
Gari, ruwa, yisti.
Gishiri fa? na tambaya.
Wannan ba ta son gishiri, Filobatir,
wanda ake toya ta dominsa ya ishe ta ɗanɗano.

Yana murza ƙullu yana karanta Zabura da ka,
murya kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba.
In numfashi ya yanke masa a tsakiyar aya
sai ya dube ni, ya jira.
Wata huɗu yana jira.
Ranar da na ƙarasa masa ayar, ban san ma na haddace ba,
bai ce madalla ba, ya dai miƙo mini hatimi
in danna a kan ƙullun da kaina.

Wani dare na jefa masa abin da ke cin raina:
Ina Allah yake sa'ad da mota ta take babana
a hanyar Minya, da buhun albasa a kafaɗarsa?
Tsoho ya yi shiru har itace ya karye a wuta.
Ban sani ba, ya ce.
Sai ya ɗauki tsinke, ya huda gurasar sau biyar.
Abin da na sani, shi ma an huda shi.
Ungo, yi ta gaba.

Na ƙona guda bakwai a daren.
Ya kankare baƙin da farce, ya cinye biyu,
ya ce haƙoransa sun fi son mai gardi.
Haƙora uku gare shi.

Shekara goma na yi a Alƙahira ina gyaran firiji.
Da na dawo, mantuwa ta share masa sunana,
ta share na 'yarsa, ta share hanyar gida.
Na durƙusa gefen gado, na fara aya,
na tsaya a tsakiya, na jira.
Ya ƙarasa.
Yatsunsa na murza bargo kamar ƙullu.

Yau makullin ɗakin tanderu yana aljihuna.
An turo mini Abanub, ɗan mai gyaran takalmi,
fuska a murtuke, belun waya a kunne,
bai yarda da komai ba sai ƙwallo.
Ban yi masa wa'azi ba.
Ɗazu ya leƙa kwano ya ce, Kawu, ka manta gishiri.
Na juya baya ina gyara wuta,
kada ya ga abin da ya same ni a ido.