Minti Na Huɗu

Ɗakin ba taga, hawa na uku, Sheffield.
Tun Litinin ake yayyafi.
Graham ya saita fitila, ya ce in daina kallon kyamara,
ba fuskata ake so ba,
hannu kawai.

To, ga hannu.
Ga allura lanƙwasasshiya kamar jinjirin wata,
ga zare, ga fatar roba da aka tsaga don koyo,
fatar da ba ta jini, ba ta cewa wayyo.
Na yi wa kujeru barka da zuwa.
Ba wanda ya yi tari,
ba wanda ya shigo a makare yana kakkaɓe lema.

Sau bakwai muka ɗauka.
A na uku na yi atishawa,
a na biyar zaren ya kufce.
Graham ya yanke duk wannan ya zubar,
ya bar wata mata da ban sani ba,
mai hannuna, mai muryata,
wadda ba ta taɓa kuskure ba.

Babana baduku ne a Jega.
In zai nuna maka ɗinki, sau ɗaya yake yi.
"Buɗe ido." Shi ke nan, ya koma kan jakarsa.
Ka kifta, sai gobe,
in goben ta same shi da fara'a.
Da zai ga matar nan ta cikin allo
ana jan ta baya, tana sakewa, ko tsaki babu,
da ya ce: wannan ba 'yata ba ce,
'yata tana da zuciya.

Ran Juma'a kwamfuta kan kawo mini lissafi.
Ɗari da sha biyu sun kalla.
Wasu sun ninka saurin muryata
har na koma kanari.
Farhana ta ce a bas take kallona,
ƙarfe shida, in ta taso daga aikin dare a gidan tsofaffi,
tana ƙulla igiyar jakarta a kan gwiwa
har ta wuce unguwarsu.
Na ji daɗin wannan. Babana bai taɓa shiga bas da kowa ba.

Sai wani layi ja a jikin lissafin:
mutum ɗaya, minti na huɗu,
sau talatin da ɗaya.
Nan ne zare ke zagaya bakin ƙarfe sau biyu
kafin a ja.
Na kalli wurin da kaina har idona ya yi yaji,
ban ga abin da ya ɓuya ba.

Ran Talata na bi teburi teburi.
Declan, dogo, kunnuwansa sun yi ja,
ƙullinsa na warwarewa kamar alkawarin ɗan kasuwa.
Ban tambaye shi komai ba.
Na dai ga hannun da ya ɗauki almakashi.

Bahago ne.

Dare talatin da ɗaya, ko dare ɗaya mai tsawo,
yana juya ni a kansa kamar riga a bai-bai,
matar allo kuwa tana ta yi masa da dama,
cikin ladabi,
ba ta ganinsa.

An ce gani ya kori ji.
Ba a faɗa mana wa zai ga mai ganin ba.

Na zagaya na tsaya gabansa, na zama madubi.
Sau biyu, ya ja. Ya kama.
Ya ce wani abu da ba a faɗa a gaban malama.

Yau mun koma ɗakin da ba taga.
Na riƙe allura da hagu, kamar 'yar shekara shida
a rumfar Jega, kan buzu.
Zaren ya kufce. Ya sake kufcewa.
Graham ya miƙa hannu zai tsayar.

Na ce bar shi.
Bar su su ga inda yake kufcewa.