Kumfar Ma'auni

Ƙarfe bakwai da rabi, Duluth bai gama farkawa ba,
tafki na huci kamar tukunya a kan murhu.
Mu goma sha ɗaya ne a bayan makaranta,
hular kwano a ka, fensir a bayan kunne,
muna buga ƙafa a ƙasa don kada yatsu su daskare.
Sauran 'yan ajinmu suna ciki, cikin ɗumi, suna lissafi.
Mu ma lissafin muke yi,
sai dai namu in ya ɓaci, ruwan sama ke ba mu maki.

Malam Pietila yatsunsa tara ne.
Bai taɓa ba mu labarin na goman ba.
Ranar farko ya tsaya gaban zarton lantarki,
ya ɗaga hannun, ya bar mu muka ƙirga.
Darasin ranar ke nan.

Gida muke yi, na katako, ɗaki biyu da falo.
Bangon arewa namu ne, ni da Dontrell.
Kwana shida muna kansa,
har tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.
Da muka tayar da shi, sai da kowa ya sa kafaɗa,
na ja da baya ina kallo kamar ni na ƙirƙiro tsayuwa.

Malam ya zo, ya jingina ma'auninsa.
'Yar kumfar nan da ke cikin ruwan kore
ta yi rawa, ta yi rawa,
ta kauce daga tsakiya, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Ya ce, ku kwance shi.
Na ce, Malam, wa zai gani?
Ya ce, Solvei, a garin nan in bango ya tsage
ba ƙadangare ke shiga ba, sanyi ne,
shi kuwa gadon jariri yake fara nema.

Zare ƙusa ya fi buga ta ciwo.
Ɗari uku da goma sha biyu, na ƙirga su cikin gwangwani.
Ni na karanta awon ba daidai ba, kowa ya sani.
Dontrell bai ce mini uffan ba sai ranar Alhamis,
da ya miƙo mini rabin burodinsa yana kallon wani waje.

Mahaifiyata wankin zannuwan asibiti take yi da dare.
Ta so in riƙe biro.
In ta kalli hannuna sai ta kau da kai.
Wata Asabar, tana barci,
na cire ƙofar kicin ɗinmu,
wadda ba ta rufuwa tun shekarar da Baba ya tafi,
na kankare gefenta, na sauya mata maƙalai.
Da ta tashi ta tura ƙofar. Ta rufu.
Ta buɗe. Ta rufe. Ta sake buɗewa.
Shayinta ya huce a kan tebur.

Kafin a lulluɓe bangon,
Malam ya ba mu alli, ya juya mana baya.
Kowa ya rubuta sunansa a jikin katako.
Kou ya zana kifi. Ni na rubuta: sau biyu.

Da ƙanƙara ta narke, tirela ta zo,
gidan ya hau titi a hankali kamar raƙumi da kaya,
za shi wurin wata mata mai 'ya'ya biyu
da ba mu san sunanta ba.
Ita ma ba za ta san namu ba,
ko da yake kullum za ta jingina da shi.

Garin katako bai bar aljihuna ba har yau.
Jiya a motar haya na kama kaina
ina runtse ido ɗaya, ina auna turken fitilar titi.
Ya karkace.